Suturar Tsoho Mai Robar Fitsari

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi, Ya kuma hore masa tufafin da zai rufe tsiraicinsa da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje na musamman da ake kai tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, ko ciwo ya kwantar da su, su zauna a can ma'aikatan jinya na kula da su dare da rana. A Amurka kaɗai irin waɗannan gidaje sun kai wajen 15,000, mazauna cikinsu kuwa sun haura mutum miliyan ɗaya. Akwai Musulmi a cikin mazaunan, akwai su kuma da yawa a cikin ma'aikatan, har da 'yan Afirka ta Yamma waɗanda neman abinci ya kai su can. Daga cikin tsofaffin nan akwai waɗanda ba sa iya fitar da fitsari da kansu, wani saboda kumburin ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet, wani saboda rauni a laka, wani kuma saboda shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan sai a sa musu roba, watau wani siririn bututu da ake zurawa har cikin mafitsara, a hura wani ɗan balan-balan da ke bakinsa da ruwa mai tsabta don kada ya zame, ɗaya bakin kuma a haɗa shi da leda inda fitsarin zai riƙa taruwa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa aiki a hanji aka buɗe musu ƙofa a jikin ciki, bayan gida na zuba a wata leda da ake mannawa a wurin.

Ita wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya siffanta bututun azurfa siriri mai santsi da ake fitar da fitsarin da ya tsaya da shi, a cikin littafinsa Attasrif. Mai balan-balan ɗin nan da ake amfani da ita yau kuwa wani likitan Amurka ne, Frederic Foley, ya fito da ita a shekarun 1930. Ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah, domin wanda ya taɓa ganin dattijo yana murƙususu fitsari ya ƙi fita, ya san irin sauƙin da ake samu cikin minti kaɗan da sa ta.

To, amma kowace ni'ima da jarrabawarta. Ledar nan garai take, ana ganin abin da ke cikinta. Sai a turo tsoho a kan keke zuwa ɗakin cin abinci, ledar tana reto a gefen keken, rabinta cike, kowa na gani, har da baƙin da suka zo duba nasu iyayen, har da yara. Ko kuwa a rataye ta a gefen gadon da ke kallon ƙofa, a bar ƙofar a buɗe. Ma'aikaci ba ya nufin mugunta. Ya saba ne kawai, ya ga irinta ɗari, har idonsa ya daina ɗaukarta a bakin komai. Shi kuwa mai ita bai saba ba, ba kuwa zai saba ba. Mutumin da ya shekara saba'in ko iyalinsa ba su taɓa sanin sa'ad da ya kewaya ba, yau ga fitsarinsa a bainar jama'a. Da yawansu ba sa cewa komai, domin wanda ke hannun wani ba ya son yawan ƙorafi. Abin da akan gani shi ne, tsoho ya daina fitowa, ya ce ba ya jin yunwa, ya ce a gaya wa baƙi yana barci.

Hukumomin can sun lura da wannan. Bayan wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 1986 game da halin da gidajen tsofaffi ke ciki, majalisar ƙasar ta yi dokar gyara su, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a watan Disamba na 1987. Dokar ta tabbatar wa kowane mazaunin irin gidajen nan haƙƙin a kiyaye mutuncinsa da sirrinsa. A cikin jagorar da ake ba sufetocin da ke zagaya gidajen, an ambaci barin ledar fitsari a buɗe da sunanta, a matsayin misalin abin da ke ƙasƙantar da mutum. An kuma ambaci ƙwanƙwasa ƙofa da neman izini kafin shiga, da kiran mutum da sunan da yake so, da hana liƙa takarda a inda kowa zai karanta cewa wane ba ya riƙe fitsari. Gidan da aka kama da saɓa wannan ana rubuta masa laifi. A Ingila ma ƙa'ida ta 10 a cikin ƙa'idojin kula da marasa lafiya na 2014 magana take yi a kan mutunci da girmamawa.

Wannan abin yabo ne, kuma gaskiya ko daga bakin wa ta fito karɓarta ake yi. Sai dai ma'aikaci Musulmi yana da dalilin da ya girmi tsoron sufeto, domin sufeto yakan zo ne jefi-jefi, Allah kuwa ba Ya barin ɗakin. A aya ta 70 ta Suratul Isra'i Allah Ya ba da labarin karramawar da Ya yi wa 'ya'yan Adam, bai kuwa ɗaure ta da lafiya ko ƙuruciya ba, bai ma ɗaure ta da addini ba. Saboda haka tsohuwa Baturiya da ba ta yi imani ba tana da haƙƙin sutura a hannun nas Musulma kamar yadda mahaifiyarta take da shi. A cikin Suratur Rum kuma, aya ta 54, an bayyana cewa mutum daga rauni ya faro, sa'an nan ƙarfi ya zo, sa'an nan rauni da furfura su dawo. Wanda ke tura keken yau yana tsakiyar ayar ne, wanda ke zaune a kai yana ƙarshenta.

Wata shubuha takan shiga zuciyar masu jinya, a can da nan duka. Sukan ce, ai mu ne muke yi masa wanka, mu ne muke canza masa tufafi, wane tsiraici ya rage da za a ɓoye? Amsar tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a babin neman izini, daga Aɗa'u ɗan Yasar. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ya nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, aka ce masa e. Ya kawo hanzarin cewa gida ɗaya suke, aka sake umurtarsa. Ya ƙara da cewa shi ne mai yi mata hidima, sai Annabi ya tambaye shi ko zai so ya tarar da ita a tuɓe. Da ya ce a'a, aka ce to ya nemi izini. Malaman hadisi sun ce mursali ne, watau tabi'i ne ya ɗaukaka shi zuwa ga Annabi ba tare da ambaton sahabi ba, amma ma'anarsa Alƙur'ani ya ƙarfafa ta. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta umurci masu hidimar gida da yaran da ba su balaga ba, waɗanda aikinsu ke nan shiga da fita, su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don ƙailula, da bayan sallar Isha. Ma'aikacin gidan tsofaffi shi ne wannan mai shiga da fita. Yawan shigarsa bai mayar da ɗakin kasuwa ba. Buhari kuma ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa saboda ido aka shar'anta neman izini, a ƙissar mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi ta wata kafa.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'idoji biyu da ba a raba su. Ta farko, larura tana halatta abin da aka hana. Da ita ce likita ya sami damar duba al'aurar majinyaci. Ta biyu, larura gwargwadonta ake auna ta. Mutane sun haddace ta farko sun manta da ta biyu. Abin da ta biyun ke nufi a aikace shi ne, wanda larura ta shafa kaɗai ne zai gani, wurin da ake bukata kaɗai za a buɗe, kuma na tsawon lokacin da aikin ke ci. Nas da za ta wanke bakin robar ta ja labule, ta rufe ƙofa, ta yafa mayafi a kan ciki da cinyoyi, ta buɗe abin da ba makawa, ta gaya wa mai jikin abin da za ta yi kafin ta taɓa shi. Ɗalibai masu koyon aiki ba sa shigowa sai da yardarsa. Idan akwai hali, mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji. Wannan shi ne jerin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar a zamanta na Burunai a 1993, inda ta kuma yanke cewa sirrin majinyaci amana ne a wuyan ma'aikacin lafiya. Idan babu hali, to larura ta sake shigowa, da sharuɗɗanta.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida har ila yau akwai tambayar da ta riga ta rufe leda, ita ce, shin robar ma tana da dalili? An sha sa wa tsofaffi roba don kawai a huta da canza zanen gado. Wannan zalunci ne ta fuska biyu, an buɗe al'aura ba bisa larura ba, an kuma jawo cuta, domin duk kwanan da roba ta ƙara a jiki haɗarin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara ƙaruwa yake yi. Dokokin Amurka sun hana a sa wa wanda ya shigo gida ba tare da roba ba, sai in yanayin ciwonsa ya nuna tilas, wanda ya shigo da ita kuma a duba yiwuwar cire ta da wuri. Iyali suna da ikon su riƙa tambayar likita, ladabi a baki, har yanzu ana bukatarta?

Mai tunani ya dubi yadda Shari'a ta yi da gawa. Mai wanka ba ya kallon al'aurar mamaci, yafa mata ƙyalle ake yi, shi kuma ya naɗe hannunsa da tsumma ya wanke ta ƙarƙashi, abin da ya gani na aibi kuma ya tafi da shi kabarinsa. Wannan fa ga wanda ba zai buɗe ido ya ji kunya ba ke nan. Ina kuma ga rayayye mai ji mai gani? Daga nan ake fahimtar hukuncin tsohon da gigin tsufa ya kama, wanda ba ya gane 'ya'yansa balle ya san ledarsa a buɗe take. Rashin saninsa bai zubar da haƙƙinsa ba, sai ma ƙara nauyi da ya yi a kan wanda ya sani.

Wani zai ce, ai fitsari ba al'aura ba ne, me ya kawo maganar sutura a kan leda? Gaskiya ne ba al'aura ba ce a ma'anar babin salla. Amma Sunna ta koyar da ɓoye duk abin da ya shafi biyan bukata. Annabi yakan yi nisa idan zai kewaya, har ya ɓace wa idon mutane. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wanda alwalarsa ta karye yana cikin salla an umurce shi ya kama hancinsa ya fita, malamai suka ce hikimar ita ce mutane su zaci haɓo ya yi. A dubi wannan tausayi: Shari'a da kanta ta koya wa mutum dabarar rufa wa kansa asiri a kan iska kawai. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Annabi ya yi wa sahabbai wa'azi a kan dariyar da suke yi wa wanda tusa ta kuɓuce masa, tunda kowa yana yin irinta. Addinin da ya kai nan ba zai yarda a bar fitsarin dattijo yana lilo a gaban masu cin abinci ba.

Rufewar kuwa ba ta da tsada. 'Yar jakar yadi ce mai duhu, wadda kowane tela zai ɗinka da ragowar ƙyalle, a sa ledar a ciki a rataye a ƙarƙashin mazaunin keke, ko a jikin ƙarfen gado ta ɓangaren da ba ya kallon ƙofa. Mai iya tafiya akwai ƙaramar leda ta rana, mai cin wajen rabin lita, da ake ɗaurawa a ƙafa a ƙarƙashin wando ko zane, da dare a haɗa ta da babba mai cin lita 2. Ledar ciki ma irin wannan tausayi ne ya haife ta. A 1954 wata nas 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta da aka yi wa aikin hanji ta ƙi fita cikin mutane don tsoron yoyo da wari, sai ta ƙirƙiro leda mai mannewa a fata wadda ake yarwa bayan amfani.

Sai dai a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Wasu don son ɓoye ledar sukan ɗora ta a kan cinyar majinyaci su lulluɓa bargo, ko su cusa ta a aljihun riga. Wannan kuskure ne mai haɗari. Tilas ne leda ta zauna ƙasa da mafitsara kullum, in ba haka ba fitsarin da ya fita zai koma ciki da ƙazantarsa. Ba a kuma ajiye ta a ƙasa, ba a barin bututun ya lanƙwashe ko a danne shi da jiki, kuma ana juye ta tun ba ta cika ba, da hannu wankakke. Jakar yadin ita ma a riƙa wanke ta. Rufewa daga idon baƙo daban, rufewa daga idon mai jinya daban: shi wajibinsa ne ya riƙa buɗewa yana duba launi da yawa. Jini, ko gurɓacewa tare da zazzaɓi, ko ruɗewar da ta zo wa tsoho farat ɗaya, ko a shafe sa'o'i ba ɗigo alhali mara ta kumbura, duk abubuwa ne da ake kiran likita a kansu nan take. Wanda ya rufe leda ya manta da ita bai suturta kowa ba, sakacinsa kawai ya ɓoye.

A ƙasar Hausa gidajen tsofaffi ba su yawaita ba, a ɗakinsa ake jinyar tsoho, kuma wannan alheri ne da ya kamata a riƙe. Amma robar ta iso, dattawa da yawa suna zaune da ita wata da watanni suna jiran aiki. A nan jarrabawar dubiya ce. Ɗaki ya cika maƙil, maza su fita mata su shigo, Malam na kwance ledarsa a gindin gado, wani ma har ya sunkuya ya ce, kai, fitsarin nan ya yi ja! Daga nan labari ya fita zaure, ya isa majalisa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da mai dubiya ya gani amana ne, faɗarsa a inda mai shi ba zai so ba giba ce, ko da gaskiya ne, ko da an buɗe zancen da “Allah sarki”. Ya kamata babban ɗa ko uwargida su tsaya a ƙofa, a shirya Baba tukuna, a tambaye shi wa yake son gani.

Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa ɓarnar. A Amurka, a ƙarshen 2015, 'yan jaridar ProPublica sun tattara misalai fiye da 30 na ma'aikatan gidajen tsofaffi da suka ɗauki hotunan mazauna a halin ƙasƙanci suka watsa, da yawa daga ciki ta Snapchat, har hukuma ta fitar da umurni a watan Agusta na 2016 cewa wannan cin zarafi ne. Waɗancan don wasa suka yi. A nan kuwa yawanci don neman taimako ake yi, a ɗauki hoton dattijo da roba a jikinsa a tura zaurukan WhatsApp da lambar asusu. Niyyar ta fi kyau, amma hoton da ya fita ba ya dawowa, jikokinsa za su tarar da shi. Takardar likita da shaidar amintattun mutane sun isa a nemi taimako. In har sai da hoto, to da izninsa, a rufe shi zuwa ƙirji.

Akwai wani nau'in ɓoyewa kuma da ba sutura ba ne, shi ne iyali su ji kunyar ledar su kulle mai ita. A mai da shi ƙuryar gida, a hana shi zaman ƙofa da ya saba, a ware masa kwano. Ledar ake rufewa domin mutumin ya fito. Mafi ciwo a nan shi ne tsofaffin da ke barin salla gaba ɗaya, suna cewa ai najasa na jikinsu, sai an cire robar za su rama. Wannan jahilci ne da ya wajaba a kan 'ya'ya su gyara shi da taushin murya. Malaman zamani sun sanya mai roba a hukuncin mai yoyon fitsari, wanda littattafan fiƙihu ke kira salasul bauli. A mazhabar Malikiyya, yoyon da ya lizimci rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, kuma an yi rangwame a kan abin da ya taɓa jiki da tufa saboda wahalar kiyaye shi. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta nuna cewa sabunta alwala ga kowace salla mustahabbi ne a kansa. Sauran mazhabobi sun wajabta masa sabuwar alwala bayan shigar lokaci, wanda ya yi haka kuwa ya fita daga saɓani. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta yi i'itikafi tare da shi tana fama da jinin ciwo, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla. A masallacin Manzon Allah ke nan, da saninsa. Imrana ɗan Husaini kuma, da basir ya dame shi, an ba shi umurnin ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe.

Saboda haka idan lokaci ya yi, a juye ledar in da hali, a tabbatar bakinta a rufe yake, a mayar da ita jakarta, a kawo masa ruwa, ko dutsen taimama in ruwan zai cutar da shi, a juya shi alƙibla. Ma'aikaci Musulmi a gidan tsofaffin Landan ko Shikago zai iya yi wa ɗan'uwansa wannan cikin minti biyar. Mai ƙarfin zuwa masallaci kuwa, matuƙar an amince ba za ta zuba ba, babbar riga ta isa ta rufe komai. A ajiye masa kujera a gefen sahu kusa da ƙofa, wanda ya lura da bututu a ƙafarsa kuma ya kawar da kai ya gaishe shi kamar kullum. Limanci ne kawai Malikiyya suka karhanta masa in akwai lafiyayyu a bayansa, shi ma karhanci ne, sallar ta inganta. Allah ne Mafi sani.